Wane Ki Zan Ɗora Waƙa A Kai? Amsa Ga Wani Mai Koyon Fiyano

"Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a Tudun Wada, Kaduna, ina koyon kiɗan fiyano a wani situdiyo da ke unguwarmu. Duk kiɗan da zan haɗa a C nake farawa, saboda nan hannuna ya saba, in ana son a ɗaga ko a sauke sai in danna Transpose. Wani babba a harkar ya ce mini kowane ki da halinsa, wai waƙar baƙin ciki sai a D maino, ta biki kuma sai a G. Sannan kwanan nan na gama wani kiɗa tsaf, mawaƙiyar da za ta hau ta ce yana shaƙe mata wuya. Don Allah ta yaya ake zaɓen ki? Akwai wanda ya fi wani ne?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka a abin da kake koyo. Idan na fahimce ka, kana son sanin ko gaskiya ne ki yana ɗauke da farin ciki ko baƙin ciki a jikinsa, da kuma abin da ya sa kiɗan da ya yi maka daɗi ya zame wa mawaƙiya wahala. Maganar Transpose ma za mu taɓa ta. Amma tun daga nan ka riƙe wannan: in dai akwai mai rerawa, ba kai ne mai zaɓen ki ba, maƙogwaronsa ne. Aikinka ka gano abin da maƙogwaron ya zaɓa.

Bari mu daidaita harshe tukuna. Daga kowane madanni zuwa maƙwabcinsa na kusa, fari ne ko baƙi, taku ɗaya ke nan. Fararen madannai da haruffa ake kiransu: C, D, E, F, G, A, B, sai a sake komawa C. Taku 12 ne zai kai ka daga C zuwa C ta gaba, wato zango guda. Babban fiyano na katako madannai 88 gare shi, farare 52 baƙaƙe 36. Kibod ɗin da ya cika situdiyoyinmu, irin Yamaha PSR, galibi mai 61 ne, kuma C ta uku daga hagu ita ce C ta tsakiya. Da ita zan riƙa yi maka kwatance, don Yamaha na kiranta C3, manhajar FL Studio na kiranta C5, littattafai da yawa kuma C4, sai ka ga mutum biyu na musu alhali abu ɗaya suke nufi. Ki kuwa shi ne sautin da waƙa ke komawa kansa ta huta, tare da sauran sautukan da take yawo a cikinsu kafin ta dawo. Sautukan nan su ake kira do, re, mi, fa, so, la, ti. In waƙa a do take hutawa, mejo ce, in a la ne, maino ce.

Shin kowane ki da halinsa?

Babban naku bai ƙirƙiri maganar nan ba, gado ya yi. A Turai, a ƙarni na 17 da na 18, ba daidai-wa-daida ake raba takun nan 12 ba. Masu saita kayan kiɗa sukan gyara wasu ki-ki su fito tas, wasu kuma su ɗan yi kaushi, domin lissafin ba ya barin a gyara duka a lokaci guda. To a wancan zamanin in mutum ya ce wannan ki ya bambanta da wancan, kunnensa bai yi masa ƙarya ba. Har wani Bajamushe mai suna Shubat ya bi ki-ki ɗaya bayan ɗaya yana ba kowanne hali, aka buga rubutun a 1806 bayan rasuwarsa. Ya danganta C mejo da tsarki irin na yara, D maino kuma da damuwa. Irin wannan magana ce ta yi ta yawo daga baki zuwa baki har ta iso Tudun Wada.

Kibod ɗin da ke gabanka ba haka aka saita shi ba. An raba zangon gida 12 daidai, kowane taku ya ɗara na ƙasansa da ma'auni iri ɗaya, girgizar sautin tana ninkuwa da kusan 1.059. Saboda haka tazarar da ke tsakanin do da mi a C ita ce dai tsakanin do da mi a F shap (shap na nufin taku ɗaya sama, filat kuma taku ɗaya ƙasa). Babu ki mai tsabta, babu mai kaushi. Ga kuma wani abin lura: A da ke saman C ta tsakiya, wadda yau take girgiza sau 440 a daƙiƙa, sai a taron Landan na 1939 aka yi matsaya a kanta, hukumar ma'aunai ta duniya ta tabbatar a 1955. Kafin nan A ta wannan gari daban, ta wancan daban, wani lokaci bambancin ya kai taku guda ko fiye. Ke nan D mainon da ake cewa na kuka ne, a wani garin D filat ne ko E filat a kunnenmu na yau.

Ka gwada da kanka. Ɗauki kiɗa a D maino, ka sauke shi taku ɗaya, gobe ka kunna wa abokanka ba tare da ka faɗa musu ba. In ba wanda Allah ya ba baiwar gane sauti kai tsaye ba, kuma irinsu 'yan kaɗan ne, babu wanda zai ce baƙin cikin ya ragu.

Abin da ke sa waƙa ta sosa zuciya ko ta tayar da mutum tsaye yana wani wuri: mejo ce ko maino, saurinta, yadda ganga ke tafiya, a sama ake rera ta ko a ƙasa, da kalmomin da aka ɗora. Ka duba C mejo da A maino, fararen madannai bakwai ne iri ɗaya, wurin hutawa kawai ya sauya, amma ji ya bambanta. Ko ita mainon ba hatimin baƙin ciki ba ce a wajenmu. Ka je kowane wurin biki daga Kawo zuwa Barnawa ka kasa kunne, za ka ji waƙoƙi da yawa a kan maino mai sauti biyar suke, mata na ta rausaya ana liƙi.

Maƙogwaro

Tela a Kasuwar Barci ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga. Kai kuwa ka ɗinka ka gama, sannan ka kira ta ta saka.

Bari in yi maka lissafin abin da nake zaton ya faru. A ce waƙarka tana yawo daga so na ƙasa zuwa mi na sama, wato so, la, do, re, mi, kamar yadda waƙoƙinmu da yawa ke yi. A C, wannan ya kama daga G da ke ƙasan C ta tsakiya zuwa E da ke samanta. Kai namiji, da kana gunguninta kana haɗa kiɗa, nan ne daidai inda muryarka ke da ƙarfi da haske, shi ya sa ka ji komai ya zauna. Ita kuma zaɓi biyu ka bar mata, duka ba daɗi. In ta bi ka a wannan zangon, G ɗin ƙasa ya yi mata zurfi, murya ta koma iska, kiɗa ya danne ta. In ta haura zango guda, sai ta riƙa kai wa E na can sama hari a kowane amshi, wurin da mafi yawan mata ke barin muryar ƙirji su koma siririya. Shaƙewar da ta ce ke nan. Yanzu mayar da waƙar F. Ta koma daga C ta tsakiya zuwa A da ke samanta. Ko G, daga D zuwa B. Nan tsakiyar muryar mafi yawan mata ne, za ta rera tana murmushi.

Wannan tazara ta taku biyar zuwa bakwai tsakanin inda namiji ke sakewa da inda mace ke sakewa ba a nan kaɗai aka san ta ba. Masu kiɗan Indiya, waɗanda muka taso da sautinsu a kunne, sukan kira ki da lambar madanni: maza da yawa na zama a baƙi na ɗaya, wato C shap, mata kuma a baƙi na huɗu ko na biyar, G shap ko A shap. Su tun farko ba su ɗauka cewa wani sauti ne uban gida ba, inda mai waƙa ya ajiye muryarsa nan ne tushe.

Ga yadda nake yi in mawaƙi ya shigo. Ba na kunna komai. Nakan ce ya rera mini amshin haka nan, baki kawai, kamar yana shara a tsakar gida. Mutum in ba a tsorata shi da kiɗa ba, da kansa yake faɗawa inda ya fi masa sauƙi. Yana cikin yi sai in rage ƙarar kibod, in sa yatsa ɗaya ina lalube har in kama sautin da yake sauka a kai a ƙarshen layi. Sau da yawa shi ne do ɗinsa, ko la in maino ce. Daga nan sai in nemi wurare biyu: sauti mafi tsayi a waƙar, wanda galibi a amshi yake ko a baitin da ake zuga wanda ake yi wa waƙa, da kuma mafi zurfi, wanda ke ɓuya a farkon baiti ko a wutsiyar layi. Sai in ce mu ɗaga taku ɗaya, ya sake. Mu ƙara ɗaya. A nan ido ya fi kunne amfani. Ina kallon wuyansa. Da na ga jijiya ta miƙe, haɓa ta ɗaga sama, gira ta haɗe, ko ya fara yanke ƙarshen kalma don ya tsere wa sautin, na san mun taɓa rufi. Sai in dawo taku ɗaya ko biyu ƙasa, in zauna nan.

Me ya sa ba za a tsaya a can ƙasa inda ya fara ba, tunda ya fi sauƙi? Saboda sauƙi daban, armashi daban. Murya tana fin haske da ratsa kiɗa in tana kusa da samanta ba tare da ta kai maƙura ba. Waƙar siyasa ko ta biki da ake son ta tashi taro, nakan matsa da ita kusa da rufin. Ta soyayya mai sanyi ko ta wa'azi, nakan bar ta ƙasa inda murya ke da kauri. Ka ga a nan ki ya taɓa yanayin waƙa da gaske, amma ta hanyar maƙogwaro ya bi, ba don sunansa D ko G ba.

Ka kuma kula da lokaci. Muryar safe ba ita ce ta dare ba, da safe takan yi ƙasa. In hunturu ya kankama a Kaduna, ƙura da bushewar iska na cinye saman muryar mutane da yawa, haka ma mai azumi da yamma. Wanda zai ɗauki waƙa a situdiyo yana iya maimaita layi sau goma har ya dace, amma wanda zai tsaya a fili ya yi waƙa bakwai a jere sai ka rage masa taku ɗaya a kan na situdiyo. In kuma kana da niyyar ɗaga ki a amshin ƙarshe don waƙa ta ƙara zafi, tun farko ka ajiye wa wannan ɗagawar wuri.

Akwai wata dabara da nake ganin yara na yi wadda ba na so ko kaɗan. In sauti ya gagari mawaƙi, maimakon a sauke ki gaba ɗaya, sai a lanƙwasa wannan sautin kaɗai a mayar da shi ƙasa. Hausa harshe ne mai karin sauti, gaɓa tana hawa tana sauka. In ka sauke waƙa dukanta, hawa da saukar kalmomi na nan yadda suke. In ka danne gaɓa ɗaya da ya kamata ta hau, kalmar ta karkace, mai sauraro ya ji kamar baƙo ne ke waƙar.

Waƙar da namiji da mace ke karɓa-karɓa, irin ta finafinanmu, sai an yi sulhu. Ni nakan fara da macen, shi ya bi ta a zangon ƙasa, ko da zai rasa ɗan ƙarfi. In kuma jama'a ne za su amsa, kamar ƙungiyar mawaƙan coci a Sabon Tasha ko Narayi, ko ɗaliban Islamiyya ranar sauka, kada ka bi muryar jagora, don shi gwani ne. Ka tsare waƙar tsakanin C ta tsakiya da C ko D ta sama, maza su bi a ƙasa, kowa zai samu shiga.

In ba kai kaɗai ke kiɗan ba

Bayan murya sai abokan aiki. Mai jita ya fi sakewa a E, A, D da G, don wayoyinsa a buɗe E, A, D, G, B, E suke. Masu busa akasin haka: kakakin bature da babban saksofon a kan B filat aka ƙera su, matsakaicin saksofon a kan E filat, saboda haka F, B filat da E filat sun fi kwanta musu. Jitar bes mai waya huɗu kuwa E ce ƙarshen zurfinta, mai girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa. In ka zaɓi E filat, dole mai bes ya haura zango ya ɗauko ta a sama, gindin kiɗan ya ɗan yi sauƙi. Ko a kwamfuta kake haɗa bes wannan ya shafe ka: tsakanin E da A na can ƙasa ne manyan sifikun wurin biki ke bugun ƙirji sosai, C ta ƙasansu kuma, mai sau 33, ƙananan sifiku ba sa iya fitar da ita. Yawancin masu jin waƙarka a waya za su ji ta ko a cikin Keke, don haka kafin ka sallami aiki ka saurare shi a wayarka.

In kuwa aka kawo maka mai goge, ko mai gurmi, ko mai sarewa, to ka sauke girman kai ka bi shi. Kayansu ba a kan ma'aunin A mai girgiza sau 440 aka gina su ba, kuma tsarkiyar goge da fatar da aka rufe ƙwaryar da ita suna motsi da zafi da sanyi. Sarewa ma inda aka huda ta nan take, ba ta san Transpose ba. Ka nemi ki mafi kusa da shi, in ya faɗa tsakanin madannai biyu ka shiga Master Tune, wato wurin saita sautin kibod gaba ɗaya, ka matsa shi kaɗan har ku haɗu. Wani lokaci za ka ji wani sautinsa ya ƙi zama a kan kod ɗinka, wato sautukan da kake dannawa tare, ko ya kuka yi. Ba kuskure yake yi ba, yadda ya raba zango ne ya bambanta da na Turawa. A irin wannan wuri nakan cire sautin tsakiya na kod, in riƙe do da so kawai, in bar masa fili.

Hannu da Transpose

In kai kaɗai ne a ɗaki kana lalubo sabon kiɗa, ba mawaƙi ba abokin kiɗa, nan kam kana da 'yanci, kuma nan ne zama a C ke cutar da kai. Hannu yana da hanyoyin da ya haddace. In kullum daga C ka tashi, yatsu za su riga kunne, su kai ka inda suka kai ka jiya, sai ka ga kiɗanka goma duk 'yan uwan juna. Ka koma E filat ko A, inda hannu bai san hanya ba, dole kunne ya shige gaba.

C ma ba ita ce mafi dacewa da halittar hannu ba, a ido ne kawai take da sauƙi. Shopan, shahararren makaɗin fiyano ɗan ƙasar Folan da ya yi koyarwa a Faris, da B mejo yake fara wa ɗalibansa, domin dogayen yatsu na hawa baƙaƙen madannai, babban yatsa na zama a fari, hannu ya kwanta yadda Allah ya yi shi. Mu kuma muna da wata riba a baƙaƙen nan. Su biyar ɗin da ke cikin kowane zango, in ka bi su kaɗai, tsani mai sauti biyar ne, irin wanda kiɗanmu na gargajiya ya fi tafiya a kai. Ka riƙe F shap da C shap da hagu, ka saki dama ta yi yawo a baƙaƙe zalla, za ka ji abu mai kama da na gida yana fitowa. Ka mayar da hagun E filat da B filat, ka shiga maino.

Transpose ba haramun ba ne. Mawaƙi ya hau dandamali murya ta dushe, a take ka sauke masa taku biyu, ka ceci taro. Illarsa ita ce yana raba abin da hannunka ke yi da abin da ke fita a sifika. Ka ɗaga taku uku kana danna C, abin da ke fita E filat ne. Mai bes da ke leƙen hannunka zai bi C, ku yi karo. Mai haɗa sauti ya tambaye ka ki don ya saita Auto-Tune, manhajar da ke gyara murya ta dace da ki, ka ce masa C, sai manhajar ta riƙa jan muryar mawaƙiya zuwa sautukan da ba sa cikin waƙar, a yi ta zargin baiwar Allah da rashin iyawa. Ga mantuwa: ka gama waƙa ba ka mayar da shi sifili ba, ta gaba ta tashi a inda ba a shirya ba. Ranar da aka zaunar da kai gaban fiyanon katako kuwa, babu abin dannawa.

Maganinsa ka daina haddace kod da suna, ka koma lamba. Yawancin abin da kake kaɗawa 1, 4, 5 da 6 ne, wato kod ɗin da ke kan do, fa, so da la. A C su ne C, F, G da A maino. A G su ne G, C, D da E maino. A F kuma F, B filat, C da D maino. Ka ɗauki waƙa ɗaya da ka iya kamar ruwa, ka kai ta G, baƙi ɗaya ne kacal ya shigo, F shap. Ka kai ta F, nan ma ɗaya ne, B filat. In sun zauna ka ƙara D da B filat masu bibbiyu, sannan A da E filat masu uku-uku. Kada ka yi gaggawar cinye 12 ɗin, waɗannan bakwai za su ɗauke maka mafi yawan aikin da zai zo situdiyonku. Abu ɗaya da za ka lura da shi in ki ya sauka: kod mai sauti uku a cunkushe, in ya gangara ƙasa da C da ke ƙasan ta tsakiya, yakan dagule. Ka buɗe hagunka, do da so da do na sama, ka bar wa dama sauran.

Game da kiɗan da ke hannunka yanzu, ba zan iya ce maka F ko G daga nan ba, tunda ban ji muryarta ba, kuma mata ma wata mai kauri ce wata siririya. Ka kira ta, ka kashe kiɗan, ta rera maka amshi baki kawai, ka bi matakan da na faɗa. In kiɗan yana nan a matsayin MIDI, wato bayanin madannan da ka danna wanda ba a riga an mayar da shi sauti ba, ka zaɓi duk layukan ka matsa su tare, ban da na ganguna, don su in ka matsa su kowane bugu zai koma kan wata ganga daban. Ka sake duba bes ko ya nutse ko ya yi sama da yawa, ka mayar da shi zangon da ya dace. In kuwa ka riga ka mayar da komai sauti ka goge asalin, manhaja na iya ja maka taku ɗaya ko biyu ba a gane ba, amma taku biyar zai ɓata shi. Gara ka zauna ka sake kaɗawa a sabon ki ɗin, da hannunka.